Bangon da Ya Ba Gabas Baya

"Wata ne," in ji Baba Danda. "Kowa cewa yake ni na zaɓi gabas. Wata ne ya zaɓa, hadari ya goyi bayansa, ni dai nawa ɗora tubali."

"To amma Baba," na ce, "an ce takardar da aka ba ka yamma ta nuna."

"Takarda ta taɓa kwana a waje?"

Irmiya, mai injin silimar, yana zaune gefe yana goge wani ƙarfe da tsumma. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka ji baƙauye," ya ce. "Shekara goma sha uku ke nan yana ba da amsar nan, har yau bai san ta inda ake riƙon takarda ba."

"Kai da ka sani, Ɗan Mishan, nuna mini ko akurkin kaji da ka gina."

Muna zaune ne a kan dakalin gaba na Siliman Gazali a Tasawa, da hantsi, cikin bazarar 1985. Ga wanda bai san gidan ba, fili ne mai tsawo, ba rufi, kewaye da katangar ƙasa wadda ko mai raƙumi ba ya leƙa ta. Ƙofarsa tana kudu, cikin wani lungu. Daga yamma akwai ɗan soro mai kaurin bango, da ƴan tagogi biyu kamar ramin kurciya, nan Irmiya ke zama da injinsa. Daga soron zuwa gaba, dakalai ne jere, kowane ya ɗan fi na gabansa tudu. Can gabas kuma ga bangon da ake haska hoto a kansa, fari fat, kamu goma sha biyar a tsaye, kamu ashirin da biyu a faɗi. Baba Danda ne ya gina duk wannan, kuma an taɓa yin lokacin da saura kwana uku ya rushe bangon da hannunsa. Labarin da na zo ji ke nan.

A Maijirgi aka haife shi. Kawunsa magini ne, a wurinsa ya koyi kwaɓa ƙasa da dunƙula tubali. Da rumbu ya fara, daga nan ya koma zaure da soro. Ya zo Tasawa da matarsa Zuhura da jaki ɗaya. Ba a yi shekara goma ba, duk unguwar da ke son masallaci shi take nema. Ya ce ya gina guda tara tsakanin Tasawa da ƙauyukan Mayahi, kuma ba wanda ya tsage a cikinsu. Shi ya sa da Alhaji Gazali, wani ɗan kasuwar gyaɗa, ya ƙudurta gina silima a 1972, bai tafi wurin masu siminti ba. Siminti daga nesa yake zuwa, ƙasa kuwa ga ta a bayan gari.

Alhaji ya zo da takarda, wani ma'aikaci ya zana masa a Maraɗi. Ƙofa a gabas, bakin hanyar kasuwa, bangon hoto a yamma. Danda ya dubi takardar, ya ce shi bai taɓa ganin silima ba, kuma ba ya gina abin da bai gani ba. Sai Alhaji ya saka shi a mota tare da Irmiya, suka tafi Maraɗi.

"Nan fa aka sha kallo," in ji Irmiya. "Ba na bango ba, na mutuminka. Kowa ya zuba ido gaba, ana ta rawa da waƙa, shi kuwa ya juya wa hoto ƙeya, ya ɗaga kai sama kamar mai neman ɓatacciyar zabuwa. Mutanen Maraɗi suka yi ta nuna mu. Wani ya ce, 'Alhaji, daga wane daji ka kamo wanga?'"

"Goma sha huɗu ga wata ne," Baba Danda ya ce da ni, bai kula shi ba. "Da aka fara, hoto ya fito sarai. Can sai na ga fuskokin mutanen cikin bango suna kwaɗewa kamar tsohon zane. Na ce mi ke cin hoton nan? Na waiwaya. Ga wata ya hau bisa katanga daga gabas, ya haske bangon nan tas. Sai na zauna ina kallonsa, ina auna tafiyarsa da yatsa, har aka tashi."

A hanyar komawa ya gaya wa Alhaji cewa shi a gabas zai kafa bangon, fuskarsa na kallon yamma. Cikakken wata zai fito ta bayansa, ba zai kewayo fuskar ba sai dare ya raba, an riga an watse. Jinjirin wata da ke yamma kuwa ba shi da ƙarfi, kuma da wuri yake faɗuwa. Ban da haka, duk magini ya san ruwan ƙasar nan daga gabas yake tasowa. Bangon da ya ba gabas fuska, damina ɗaya za ta wanke farinsa. Alhaji ya ce ƙofa fa? Danda ya ce mai son kallo zai nemo ƙofa ko a lungu take. Alhaji ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Wata biyar ana aiki. Gindin bangon kamu huɗu ne a kauri, yana tafiya yana sirancewa. Danda ba ya yarda a ɗora fiye da jeri uku a rana, sai na ƙasa ya bushe. Bayan bangon ya sha makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓawa da ƙasa don kada ruwa ya ratsa. Fuskar kuma farar ƙasa ce da ƙaro, shafi uku. Shafin farko ya goge shi da dutse har yana ƙyalli, yana jin ya yi gwaninta. Irmiya ya kunna inji, haske ya dawo musu a ido. Sai da aka kankare aka sake, aka bi shi da tafin hannu kawai. Soron inji ya yi masa rufin ƙasa mai lanƙwasa, irin na bakan gizo, ba ciyawa ba itace a fili, don Irmiya ya ce zaren fim wuta yake kamawa kamar auduga.

Saura abu ɗaya. Bango mai wannan tsawo, in ba a tokare shi ba, iskar hadari ture shi za ta yi. Danda ya gina masa tokari a tsakiyar bayansa, daga ƙasa har sama.

"To a nan hannu ya ci amanata," ya ce. Ya buɗe tafukansa ya dube su. "Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Bango a gabas, abu ya ɓullo daga bayansa, hannun da ya gina masallaci tara mi zai yi? Sai na kewaya shi, na yi masa ciki kamar wurin tsayuwar liman. Da na kai sama na ga wurin ya yi tsirara, na ɗora masa zanko, na ƙara ɗaya a kowace kusurwa. Na sauko na duba na ce, kai, ya yi kyau."

"Ya yi kyau ƙwarai," in ji Irmiya. "Ranar kasuwar farko na fito da rana, na tarar da takalma jere a bakin ƙofa. Mutanen ƙauye su bakwai sun yi alwala da ruwan da na tara don inji, sun shiga sun yi sahu. Suna sallamewa ɗaya ya ce mini, 'Ladan, masallacin nan yaushe za a rufa shi?' Ni, Irmiya ɗan Gidiyon, ladan!"

Da farko abin dariya ne a gari. An buɗe silima bayan kaka, mutane suka yi ta tururuwa, ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, da masu amalanke a gaba, ma'aikata a baya. Sai daminar 1973 ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Gyaɗa ko iri ba ta mayar ba. Dariya ta ƙare, aka fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Ga gari guda yana zama sahu-sahu kowace magariba, fuska a alƙibla, yana kallon mata suna rawa. Ga gini da siffar ɗakin Allah. Wa ya gina shi? Ba a cika ambaton Alhaji Gazali ba, don rabin unguwa a gidansa suke cin tuwo. Sunan Danda ne ya yi saura a bakin mutane. Aka sa wa gidan suna masallacin Shaiɗan.

Wani mutum da Danda ke gina wa soro ya aiko a ce ya dakata, ginin ya kai ƙirji. Bai sake kiransa ba. In ya shiga sahu a masallaci, sai na kusa da shi ya ɗan ja jiki. Zuhura ta daina zuwa rijiyar unguwa da safe, sai da rana tsaka lokacin da ba kowa. Malam Ƙadri, limamin unguwar, mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba a kuma taɓa kama shi da son zuciya ba. Shi ya sa da ya ce bangon nan ba zai ga wata damina ba, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Na tambayi Baba Danda ko shi ma ya taɓa zargin kansa.

"Sosai. Akwai ranar da na zauna na ce, to in gaskiya ne fa? In shanun Fulani sun mutu saboda zankona? Amma da na ga mutane suna zuwa daga arewa, daga wuraren da ko sunan silima ba a taɓa ji ba, su ma fari ya cinye su, sai na ce a'a, wanga abu ya fi ƙarfin magini."

A watan huɗu na 1974 sojoji suka karɓi mulki. Aka turo wani matashin hafsa ya riƙe gari, mutane na ce masa Kumandan. A lokacin bayan gari ya cika da waɗanda yunwa ta koro, manoma da makiyaya, wasu da ɗan buhu, wasu hannu biyu. Manyan motoci suka fara kawo jar dawa ta agaji. Kumandan ya zaga gari yana neman wuri mai doguwar katanga da ƙofa ɗaya, bai samu kamar silima ba. Aka dakatar da kallo. Buhuna suka cika soron Irmiya har suka fito waje, aka sa soja biyu a bakin ƙofa. Tun asuba ake shigo da mutane, su zauna a kan dakalai su jira tiyarsu.

Cikin wannan hali dattawan unguwa suka je wurin Kumandan, Malam Ƙadri a gaba. Za a fita roƙon ruwa ranar Juma'a, suka ce, kuma ba sa son a fita bangon nan yana tsaye. Kumandan sabo ne a gari, ba ya son ya fara da ɓata wa malamai. Ran Litinin ya aika aka kira Danda. Irmiya ya bi shi, don Kumandan in ya hasala Faransanci yake juyawa.

"Ya tambaye ni, 'Kai ka gina?' Na ce, 'Ni ne, ranka shi daɗe.' Ya ce, 'To wanda ya san ɗaurin shi ya san kwancewa. Ran Alhamis da safe ka zo da mutanenka da diga.' Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu ya faɗi wata kalma," in ji Baba Danda.

"Ya ce an gama," in ji Irmiya. "Ni kuma na fassara masa da cewa Kumandan na gaishe shi."

Danda ya san in ya rushe bangon da hannunsa, ya amsa laifin ke nan a gaban gari, kuma ba mai sake ba shi ko ginin rumbu. Ya je wurin Alhaji Gazali, Alhaji ya ce shi ba ya ja da mai bindiga. Ya dawo gida ya gaya wa Zuhura su ɗaure kaya su koma Maijirgi. Ta ce masa ita ba ta zuwa ko'ina. Ta tambaye shi ko Malam Ƙadri ya taɓa shiga gidan silimar ma. Ya ce bai taɓa ba. Ta ce, "To ka tahi ka kawo shi."

Ya tafi zauren Malam Ƙadri bayan la'asar, ya cire takalmi ya zauna daga bakin ƙofa. Malam ya amsa sallamarsa, ya ci gaba da ba da karatu, bai sake dubansa ba har magariba. Ran Talata ya koma tun da safe. Aka yi azahar, aka yi la'asar, yana nan. Da mutane suka watse, Malam ya rufe littafi.

"Danda, mi kake so?"

"Allah gafarta Malam, tambaya ce ta jahili. In mutum biyu suka kawo maka rigimar gona, kana rabawa daga nan zaure, ko kana zuwa ka ga iyaka?"

"Ina zuwa in gani."

"To ga tawa gonar can, Malam."

Malam ya ce shi ƙafarsa ba ta taka gidan rawa. Danda ya ce wata guda ke nan ba a yi rawa a ciki ba, dawa ake rabawa. Daga baya Malam ya ce gobe da hantsi, kuma kada Danda ya ɗauka zuwan zai sauya wani abu.

Ran Laraba suka taho tare, Malam a gaba da sandarsa, Danda a baya. Sojan ƙofa ya matsa musu. Da suka shiga, mutum ya kai ɗari biyar a cikin filin, duk sun taru a inuwar bangon, wadda da safe takan kai har tsakiyar dakalai. Amma ba a rabon dawa. Kowa ya yi tsit. Wani tsohon makiyayi ya cika da asuba yana zaune a layi. An yi masa wanka a bayan soro, an naɗe shi a rawanin wani ɗan'uwansa, an kwantar da shi a gindin farin bangon. Mutanensa baƙi ne, ba su san kowa a gari ba, ba kuma mai karatu a cikinsu. Suna tsaye cirko-cirko.

Babbansu ya hango rawani da sanda, ya taho da sauri ya durƙusa. Hausarsa ba ta nuna sosai ba. Ya ce, "Malam, Allah ya kawo ka. Mun ga nan ne gabas, shi ya sa muka ajiye shi nan. Ka yi masa salla."

Baba Danda ya ce shi a lokacin ƙasa ya duba, don ba ya son Malam ya zaci shiri ne. Ya ce ya ji Malam yana numfashi. Sai ya ga sandar ta miƙo gare shi, ya karɓa ya riƙe. Malam ya cire takalmi, ya ratsa mutane, ya tsaya a gaban gawar, fuskarsa ga farin bango. Ya waiwaya ya ce a daidaita sahu. Maza suka sauko daga dakalai suka jeru, har da ɗaya daga cikin sojojin, ya jingine bindigarsa. Aka yi kabbara huɗu.

Malam ya raka gawar har maƙabarta. Danda ya zaci daga can gida zai wuce, sai ga shi ya dawo. Bai shiga ba. Ya kewaya ta hanyar kasuwa, ya tsaya yana duban bayan bangon, da tokarin, da zankwaye.

"Don mi ka kafa shi a gabas?"

Danda ya gaya masa zancen wata, ya gaya masa zancen hadari. Ya kama hannunsa ya ɗora a kan makuba don ya ji taurinta.

"Wanga ƙullutun fa?"

"Tokari ne, Malam. Ciki a cike yake da tubali, ko ɓera ba ya tsayawa a ciki, balle liman."

"Mi ya hana ka faɗi haka tun bara?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Malam ya ce, "Ni ma ban tambaya ba." Sa'an nan ya ce alƙibla ba mallakar kowa ba ce, mai noma ma yakan fuskance ta, mai sayar da goro ma haka. Abin da ake nunawa a kan bangon, wannan tsakaninsa ne da Alhaji, kuma bai fasa ƙinsa ba. Amma gini ya sa tufar masallaci har baƙo ya ruɗe, wannan laifin Danda ne, kuma sai ya gyara. Zankwaye su sauka. Tokari ya zama mai kusurwa huɗu kamar na kowane shago. Danda ya ce ya ji ya yarda.

Saura Kumandan, wanda ya riga ya ba da oda. Malam da kansa ya je, Irmiya ya bi shi. Kumandan ya saurara, ya haɗe fuska, ya ce shi ba a mayar da shi ƙaramin mutum, yau a ce rushe gobe a ce bari. Malam ya ce kuskuren nasa ne, kuma zai faɗa wa jama'a da bakinsa. Irmiya ya ƙara da Faransanci cewa in bangon ya faɗi, gabas ɗin filin zai zama a buɗe, ga dawa jibge a ciki. Kumandan ya dube shi, ya dubi Malam, ya ce oda tana nan, ran Alhamis sai an ji ƙarar diga a silima. Abin da digar za ta sara kuma, Malam ya nuna.

Ran Alhamis da safe Danda ya kafa tsani ya hau shi kaɗai. Mutane sun taru a hanyar kasuwa, wasu sun zo ganin faɗuwar bango. Ya sare zanko na kudu, ya sare na arewa, ya bar na tsakiya ƙarshe.

"Shi ne mafi kyau da na taɓa yi," ya ce. "Na rantse maka, ɗana, ko a masallatan nan tara ban yi kamarsa ba. Sara uku ya faɗi. Da ya bugi ƙasa wata tsohuwa ta yi guɗa."

Kwana shida ya yi yana cike gefen tokarin da tubali har ya zama mai kusurwa. In ka bi ta hanyar kasuwa yau, za ka ga wurin da sabon gini ya haɗu da tsoho, launin ƙasar bai zo ɗaya ba. An fita roƙon ruwa ran Juma'a, Malam ya yi wa mutane bayani a taƙaice. Ruwa bai zo a makon ba, bai zo a na bayansa ba. Wasu suka ce ai ga shi, an bar bango. Sai can cikin watan bakwai ya sauka, a Tasawa da Maijirgi da ko'ina. Na ce wa Baba Danda ashe an wanke shi. Ya ce ruwa bai tafi dominsa ba, bai kuma dawo dominsa ba, kada in rubuta haka.

Sunansa bai dawo a rana ɗaya ba. Shekarar nan da ta biyo, a garin Sarkin Hausa ya yi rani yana gina rumbuna, inda labarin bai yi ƙarfi ba. A Tasawa wata gwauruwa ce ta fara kiransa, katangarta ta zube. Daga nan mai soron da ya tsaya a ƙirji ya aiko, kamar ba abin da ya faru, ya ce a zo a ƙarasa. Silima ta koma aiki bayan an kwashe dawa, da sharaɗin ba a kunna inji sai an idar da lisha. Bara, da fari ya sake dawowa, aka sake cika soron Irmiya da buhuna, mutane suka sake zama a dakalai. Wannan karon ba wanda ya ambaci bango. Yanzu sau biyu a mako ake kallo, in an samu gazuwal, man inji, kuma rabin dakalan ba kowa. Baba Danda bai taɓa zama ya kalli fim har ƙarshe ba. Ya ce da ya ɗaga ido, tsaga yake nema.

"Malam ya taɓa ba ka haƙuri?" na tambaya.

"Malam ne fa. Mi kake so ya ce? Bayan shekara biyu ya aiko a kira ni in duba masa bangon masallaci, ya ce kada a kira kowa sai ni. Da na zo ya sa aka shimfiɗa mini buzu a cikin zaure."

"Ya ga mai arha ne," in ji Irmiya.

"Kai dai goge ƙarfenka, ladan."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Ya ce indararon masallacin ya karkace tun iskar shekaranjiya, kuma Malam ya tsufa, ba ya son jira. Ya ɗauki kwandonsa da igiyar awo, ya saɓa tsani a kafaɗa. A bakin ƙofa tsanin ya maƙale, ya ja baya ya karkata shi, ya fita ya bi lungu.